Idan aka cire wa fure launi, me ya rage?

Mai_Kyamara_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta gabanku. Sana'ata hoton biki da suna, amma wata huɗu ke nan ina ɗaukar furanni baƙi da fari, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya biya ni. Abin ya faro ne daga wata tumfafiya da ta fito a kangon bayan gidanmu. Shekara da shekaru ina wuce ta. Ran nan da sassafe na tsuguna na matso da kyamara kusa da furenta. Ɗan ƙarami ne, bai fi kan babban yatsa ba, ganye biyar, a tsakiya kuma akwai wani gini mai kusurwa biyar kamar an sassaƙa shi da aska. Da na ɗauka da launi, idona bai wuce shunayyar da ke bakin ganyen ba. Da na cire launin sai ginin nan ya fito fili, har da wani laushi-laushi kamar gari a jikin kwanson da bai buɗe ba.

Na buga guda shida na kai wa kawuna, wanda shi ne ya saya mini kyamarar farko. Ya daɗe yana juya su, sannan ya ce: "Ɗana, Allah ya yi wa fure ado da launi, kai ka zo ka tuɓe masa. To me ya rage?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. A raina na san abu da yawa ya rage, har ina ganin launi ne ke hana mu ganin ƙirar fure. Amma na kasa faɗa da baki. Ku da kuka san harkar, da ku da ba ku sani ba, me kuke gani?

'YarGwale:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Kawu. Fure ai launi ne da ƙamshi. Hoto dama ya riga ya zubar da ƙamshin, kai kuma ka zo ka zubar da launin. Idan mutum ne na yarda, baƙi da fari yana fito da kwarjinin fuska, musamman ta dattijo. Amma fure? A'a Malam.

Abban_Hanifa:
Ka ɗora hotunan mana mu gani. Gani ya kori ji.

Mai_Kyamara_Fagge:
Na ɗora uku a sama yanzu: tumfafiya, furen albasa, da na kuɓewa.

Abban_Hanifa:
Tabarakallah. Na albasar nan da ba ka faɗa ba, da na ce wutar bikin salla ce ta fashe a sama cikin dare. Na kuɓewar kuma bai burge ni ba, gaskiya, ya yi fari fat ba a ganin komai a ganyen.

Baba_Situdiyo:
Yaro, sannu da ƙoƙari. Ni na fara wankin hoto a Sabon Gari tun kafin mai launi ya wadata a Kano, saboda haka bari in ce wani abu.

Mu a lokacinmu baƙi da fari ba zaɓi ba ne, shi ne abin da ke akwai. Kyamarata Yashica ce mai ido biyu, fim ɗin 120, hoto goma sha biyu kacal a naɗi ɗaya. Ba ka danna sai ka tabbata. Kuma fure kullum yana cikin situdiyo, sai dai na roba ne, a cikin tulun tangaran a kan ɗan teburi. Amarya ta dafa teburin, ko saurayi ya riƙe reshe ɗaya a ƙirji. Wasu ma idan an wanke hoton sai su ce a shafa wa furen ja da ɗan burushi, mutum yana baƙi da fari, furen hannunsa ja. Kenan ko a wancan zamanin mutanenmu ra'ayin kawunka gare su.

Amma ga abin da na gani da idona. A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, idan ka tsoma farar takarda a ruwan wanki kana girgiza farantin a hankali, abin da ke fara fitowa shi ne wuraren da suka fi duhu. Inuwa ce ke riga komai zuwa. Sannan toka-toka ta biyo baya, hawa-hawa. A nan na gane cewa hoto ba launi ne ƙashinsa ba, haske da inuwa ne. Kuma zafin Kano ba ya barin ruwan wanki ya zauna a digiri 20 da ake so. A watan bazara sai mun sayo ƙanƙara mun jera a gefen farantin, in babu mu yi aiki da ruwan randa cikin dare. In ruwa ya yi ɗumi fim ya yi tsakuwa-tsakuwa.

Hotonka na kuɓewa, Abban Hanifa ya yi gaskiya. Rana ta yi masa yawa. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yanƙwane. Ka je masa tun rana ba ta ɗaga ba, ka sa hasken ya zo ta gefe ko ta bayan furen, za ka ga jijiyoyin ganyen ɗaya bayan ɗaya.

Mai_Kyamara_Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗauke shi, ka gano ni. Zan koma.

Ummu_Sadiq_Hotoro:
Baba ka tuna mini da hoton auren iyayenmu. Yana nan a falon Hajiya har yau, ita da fulawar roba a cinya. Hotunan aurena na mai launi kuwa duk sun koɗe sun koma ruwan ƙasa, nata ko gezau.

Dalibin_Zane_BUK:
Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba, kuma waɗanda suka tsaya a ɓangaren Mai Kyamara ba ƙananan mutane ba ne. Akwai wani Bajamushe, Karl Blossfeldt, malamin koyar da sassaƙa da ƙira ne a Balin. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa ya riƙa ɗaukar tsirrai yana faɗaɗa su har ninki talatin, don ya nuna wa ɗalibansa cewa duk wani ado da maƙeri ko magini ke yi, tsiro ya riga shi. Littafin hotunansa ya fito a 1928. In ka kalle su sai ka rantse ƙarfe aka lanƙwasa. A Amurka kuma akwai Imogen Cunningham, wadda ta ɗauki cikin furen magnoliya a 1925, hoton da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. Ita da Edward Weston da Ansel Adams suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar f/64 a 1932, aƙidarsu hoto ya fito tar, ba hazo-hazo irin na masu kwaikwayon zanen fenti ba. Weston ma tattasai ya ɗauka a 1930, tattasai ɗaya tak, ya zama ɗaya daga cikin shahararrun hotunan duniya.

Za ku ce ai su ba su da mai launi ne. To Robert Mapplethorpe fa, da ya rasu a 1989? Fim mai launi yana ko'ina a zamaninsa, shi ma ya yi aiki da shi, amma da yawa daga hotunan furanninsa da aka fi sani baƙi da fari ne. Wannan zaɓi ne, ba rashi ba.

Amsar da zan ba Kawu ita ce: an rage siffa, da laushi ko kaushin jiki, da yadda haske ke ratsa ganye.

Malam_Na_Soron_Dinki:
Ɗalibi, tunda ka ambaci Mapplethorpe, a faɗa wa yaran zauren nan gaskiya. Mutumin yana da wasu ayyukan na tsiraici waɗanda ba su dace da tarbiyyarmu ba sam. Wanda zai nemi hotunansa ya rubuta cewa na furanni yake nema, kada ya buɗe abin da zai dame shi.

Dalibin_Zane_BUK:
Haka ne Malam, ya kamata in faɗa tun farko. Na gode da gyara.

Sadauki_Kurna:
Ni abin da ke damuna daban ne. Duk sunayen da aka jero na Turawa ne. Yaranmu suna buɗe Instagram su ga farin fure mai kama da mazurari a kan baƙin ƙyalle, sai kowa ya nufi masu sayar da shuka na bakin titi a Nasarawa GRA ya sayo irin na waje ya kwaikwaya. Mu ba al'adarmu ba ce miƙa wa juna fure. Bahaushe in ya ga fure, tambayarsa me zai haifa. Furen mangwaro albishir ne na mangwaro, furen wake albishir ne na wake. To wannan sana'a ta wa ake yi wa?

Mai_Kyamara_Fagge:
Yaya Sadauki, shi ya sa ban taɓa ɗaukar irin na waje ba. Tumfafiya, albasa, kuɓewa, zogale, lalle, auduga. Duk na gida ne.

Hajiya_Mai_Lalle:
Sadauki ban yarda da kai ba cewa ba ruwanmu da fure. Shekarata goma sha tara ina yi wa amare lalle. Me nake zanawa a hannunsu in ba fure da ganye da reshe ba? Kuma da launi nawa nake yi? Ɗaya. Baƙi a kan fata, ko ja a kan fata. Ba amaryar da ta taɓa ce mini Hajiya ina koren ganyen. Ku dubi aikin hula, ku dubi adon da magina ke yi a fuskar tsofaffin gidajen cikin gari, ku dubi zanen ƙwarya da ake ƙonawa da wuta. Launi ɗaya ne ko biyu, ƙira ce ke magana. Ni da na ga hoton tumfafiyar nan, abin da ya fara zo mini shi ne in kwafe tsakiyarsa in sa a tafin hannu. Ɗana, in ka yarda zan yi.

Mai_Kyamara_Fagge:
Hajiya ai alfahari ne a wurina. Ki yi, ki turo mana mu gani. Kuma kin ba ni rabin amsar da zan kai wa Kawu.

Dalibin_Zane_BUK:
Kan maganar Sadauki, a Afirka ta Yamma ma muna da manya. Seydou Keïta na Bamako, da ya buɗe situdiyonsa a 1948, yana da sanannen hoto na wani saurayi sanye da fararen kaya da tabarau, riƙe da fure ɗaya. Daidai abin da Baba ya kwatanta. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis a 2007, da baƙi da fari. A nan gida kuma J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu. Yawanci ta ƙeya yake ɗauka, bango fari, ba fuska, ba launi, kitson kaɗai. Abin da ya yi wa kitso shi ne Mai Kyamara ke nema ya yi wa furen gida.

Sadauki_Kurna:
Na Ojeikere na yarda, don kitso namu ne, kuma ya adana abin da ke ɓacewa. In haka za a yi wa tsirranmu ba ni da ja. Amma a rubuta sunan kowanne da Hausa a ƙasan hoton. Yarana ba su san bambancin tafasa da rai-ɗore ba.

Injiniya_Sharada:
Bari in shigo ta ɓangaren aiki, don akwai wani tarko da sabbin shiga ke faɗawa. Ido yana raba jan fure da koren ganye nan take. Amma in ka mayar da su toka, sau da yawa hasken jan da na koren kusan ɗaya ne, sai furen ya nitse cikin ganye, hoto ya zama kamar kunun da aka dama. Masu fim suna magance wannan da gilashi mai launi a bakin kyamara. Jan gilashi yana haskaka ja ya duhunta kore da shuɗi, sai fure ya yi fari ganye ya yi baƙi. Koren gilashi kuma akasin haka. A dijital ba ka buƙatar gilashin: ka ɗauka da launi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka ɗaga ko ka sauke hasken kowane launi daban. Kada ka danna maɓallin baƙi da fari kawai ka ce ka gama.

To ka ga 'YarGwale, launin bai tafi ko'ina ba. Shi ne ke yanke hukuncin wane wuri zai yi duhu, wane zai yi haske. Har kamfanin Leica ya fitar da kyamara a 2012 wadda ba ta ɗaukar launi ko kaɗan, kuma ana saye da tsada.

'YarGwale:
Injiniya ka ƙara mini hujja ne ai. In sai an bi ta wannan dogon hanya kafin a raba fure da ganyensa, me ya hana a bar shi yadda Allah ya yi shi?

Dan_Yankaba:
Ku gwada furen zoɓo. Jan nan mai duhu zai yi kyau.

Manomi_Kura:
Ɗan Yankaba, abin da muke jiƙawa mu sha ba shi ne furen ba. Furen zoɓo fari ne mai ɗan rawaya, tsakiyarsa ja, kamar na kuɓewa, dangi ɗaya ne su da auduga da rama. In furen ya faɗi, kwanson da ke riƙe da shi ne ke kumbura ya yi ja, shi ake tsinka a shanya. Mai Kyamara, in kana son bado ka zo wajenmu, akwai shi a ruwan da ke kwance gefen gonakin shinkafa. Amma ka kwana da shiri, farin bado cikin dare yake buɗewa, da hantsi ya tsuke. Kuma ka kiyayi nonon tumfafiya, kada ka taɓa shi ka shafa ido, yana illa sosai.

Ummu_Sadiq_Hotoro:
Da muna yara ba sai an je Kura ba. Kududdufan cikin gari cike suke da bado da kainuwa. Yanzu an cike yawancinsu an yi gini, da damina kuma ruwa ya rasa inda zai je ya shigo wa mutane ɗaki.

Abban_Hanifa:
Wannan gaskiya ne Ummu, unguwarmu bara mun ga tasku. Amma kada mu bar zancen fure.

Malam_Na_Soron_Dinki:
Akwai wata fuska da ba a taɓo ba. Mutane da yawa a garin nan ba sa rataye hoton mutum ko dabba a ɗaki, saboda saɓanin malamai kan hoton mai rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Kenan hoton fure ƙofa ce a buɗe ga gidajen da sauran hotuna ba sa shiga. Ni kaina ba zan ƙi rataye na albasar nan a ɗakin karatuna ba. Dubansa yana sa mutum tasbihi: ɗaruruwan 'yan furanni a kan kara ɗaya, kowanne da nasa tsari.

Sai dai maganar Kawu ma tana da tushe. Alƙur'ani ya ambaci saɓanin launukan 'ya'yan itatuwa da duwatsu da mutane a cikin ayoyin Allah, a Suratu Faɗir. Ba zan ce wanda ya fi son launi ya yi kuskure ba.

Zee_Photos_Zoo_Road:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Wa zai saya? Na gwada bara, na buga hoton furen shukar karya guda huɗu manya na sa a firem. Wata biyar suna shago, kowa ya yaba, ba wanda ya taya. Ƙarshe wani mai otal ya ɗauka a kuɗin da bai wuce na firem ɗin ba. Ga kuma wahalar bugu. Na kai wani wurin buga hoto, aka ba ni su duk sun yi kore-kore, na koma aka sake, suka fito shuɗi-shuɗi. Mai wurin ya ce ai baƙi da fari ne, me nake so kuma.

Injiniya_Sharada:
Zee, injin buga mai launi ne, yana haɗa baƙi daga launuka uku, in ɗaya ya ɗan rinjaya sai hoton ya karkata. Ki nemi mai firinta da ke da tawada baƙa da toka daban-daban, ki kuma ce takarda marar sheƙi kike so. Ki sa a buga ƙarami tukuna, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba.

Dalibin_Zane_BUK:
Kasuwar tana nan, sai dai ba ta iso mu ba tukuna. Hoton wardi da Tina Modotti ta ɗauka a Meziko, an sayar da shi dala 165,000 a 1991. A Legas ana yin LagosPhoto tun 2010, a Bamako ana taron masu hoto na Afirka tun 1994. Mu a Kano ko bango ɗaya na dindindin ba mu ware wa irin wannan aiki ba. Me zai hana mu haɗu mu nemi a ba mu wuri ko na mako ɗaya ne?

Zee_Photos_Zoo_Road:
In za a yi ina ciki. Amma a fara da ƙananan bugu da ɗalibi zai iya saye.

Baba_Situdiyo:
Ku da ke neman haske mai laushi, ga hunturu nan tafe. Hazon nan da kowa ke kuka da shi, babu fitilar situdiyon da ta kai shi. Yana tace rana, inuwa ta yi taushi. Sai dai ku rufe kyamara da kyau, kada ku canja gilashi a waje. Kuma lokacin ne rimi ke fure. Kuka kuwa sai farkon damina: farin fure babba yana reto a doguwar igiya, da magariba yake buɗewa, jemagu su zo masa cikin dare, washegari ya yi ruwan ƙasa ya faɗo. Shekara arba'in ina cewa zan ɗauke shi ban yi ba, yanzu gwiwa ba ta bari. Yaro, wannan na bar maka.

Mai_Kyamara_Fagge:
Na karɓa Baba, in Allah ya kai mu.

Jiya da daddare na koma wurin Kawu, na karanta masa abin da kuka rubuta, har na Hajiya Mai Lalle. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce in sake miƙo hotunan, ya sa tabarau, ya riƙa kiran sunan kowanne. Ya ci biyar. Na zogale ne ya gagare shi, alhali bishiyar tana tsakar gidansa fiye da shekara ashirin. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, ya aiki yaro da tocila ya tsinko masa reshe, ya ajiye kusa da hoton yana dubawa. Amma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce aikin ya yi kyau, sai dai shi in zai rataye, a kawo masa mai launi.

'YarGwale:
Allah ya ja da ran Kawu. Ni ma haka. Sai dai na yarda na tumfafiyar ya sa na je na duba ta gaske yau da safe a hanyar makaranta, kuma ginin tsakiyar yana nan yadda ka ce. Da launinsa na gan shi, kuma bai hana ni gani ba.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ai sai da aka nuna miki shi ba launi sannan kika san ki duba, 'yata.

'YarGwale:
Wataƙila Hajiya. Ko kuma don an matso da shi kusa ne aka faɗaɗa. Mai Kyamara, ka ɗora mana guda ɗaya iri biyu, mai launi da marar launi, girma ɗaya, mu gwada.

Mai_Kyamara_Fagge:
To, gobe zan koma wa kuɓewar tun ƙarfe bakwai, zan ɗora duka biyun. Manomi, ranar Asabar kana gona? Ina so in zo wa badon nan.

Manomi_Kura:
Ina nan. Ka taho da takalmin roba, kuma ka iso kafin rana ta fito.

Baba_Situdiyo:
Yashicar tana nan a akwati, na duba ta ɗazu, maɓallin yana motsi. Wa ya san inda ake samun fim ɗin 120 yanzu, a Kano ko sai an aika Legas?